Sunan Na Karaye

Da an tambaye ni, da na ce jirgin sama na farko da zan hau a rayuwata na Makka ne. To ba a tambaye ni ba. Ƙodar Na Karaye ce ta lalace, duka biyun, likitocin Kano suka ce sai an dasa masa wata. Aka gwada ƙannensa uku, babu wanda jininsa ya dace. Aka gwada ni, Maijidda mai ƙuli-ƙuli ta Rogo Ruma, nawa ya dace. Wurin aikinsa suka tura shi Indiya shi da matarsa Bahijja, aka ce in bi su bayan sati uku.

Na Karaye ɗana ne na fari. Haka nake ce masa, idan faɗar ta zama dole. Ana yaye shi, yayan mai gidana, Malam Halliru, magatakarda a ofishin hakimin Karaye, ya zo ya ɗora shi a gaban babur ya tafi da shi, ni kuwa ina ɗaki ina ɓarar gyaɗa, ko leƙowa ban yi ba. Shekara talatin da huɗu sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. In ya zo gaishe ni, bango nake kallo in amsa, sannan in ce wa ƙanwarsa Zakiyya, "Ki tambayi yayanku ko ya ci abinci." Haka na ga uwata ta yi wa babban yayanmu, kuma ba zan ɓoye ba, ina taƙama da kunyata. Matan yanzu da ke ɗaga ɗan fari sama suna masa rawa a tsakar gida suna kiran sunansa gatsau, na sha ja musu tsaki.

Ƙanena Shitu ne zai raka ni, sai bizarsa ta ƙi fitowa. Ranar tafiya ya zaunar da ni ya miƙo mini wata ambulan mai kauri.

"Yaya, duk abin da za a tambaye ki yana cikin nan. Takardun asibiti, lambar Bahijja ta can, komai. Kuma ki riƙe wannan: ranar da kika sauka, kafin ƙarfe huɗu, dole a ɗebi jininki. Washegari manyan asibitin za su zauna su sa hannu. In aka rasa wannan zaman, sai bayan sati biyu."

"Sati biyu ai kamar gobe ne."

Ya ce, "Bahijja ta ce jikin ba zai kai ba."

Ni kuwa da na ji nauyin abin, sai na yi wa ambulan ɗin abin da ake yi wa kaya mai daraja. Abin da ke hannu shi ake mantawa a mota, shi ɗan sane ke fizgewa. Na naɗe ta a sabon zani, na kai ta can ƙasan babbar jaka, na ɗora daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa a kai, na zuge. Fasfo da tikiti kawai na bari a lalita. A filin jirgi na Kano aka karɓi jakar aka ɗora a wani bel ta shige rami, Shitu yana can waje yana ɗaga mini hannu, bai san abin da na yi ba.

Mun sauya jirgi a Habasha. Ni na sauya, jakar ba ta sauya ba. Da safe muka sauka a Delhi, na tsaya gaban bel ɗin da ke zagayawa da kaya har kowa ya ɗauki nasa ya watse, ya rage daga ni sai wata katuwar akwati da aka ɗaure da igiya tana ta zagaye babu mai ita. Wata mai kayan ma'aikata ta zo ta yi ta magana, ta cika wata takarda ta danƙa mini, ta nuna mini ƙofa. A bakin ƙofar wani siririn mutum ya ɗaga waya a gabana, na ga hotona a ciki, wanda aka ɗauka ranar sunan jikata. Na bi shi har motarsa.

Indiyar da na sani a talabijin ɗin maƙwabta, ta rawa a cikin furanni, ban gan ta ba. Hayaƙi na gani, rana ta yi ja a cikinsa kamar ƙosai. Kowa na danna hon, babu mai kauce wa kowa. Keke mai ƙafa uku ko ta ina, ashe nan ne garinsu. Ga saniya kwance a tsakiyar titi tana tuƙa, babu makiyayi babu igiya, motoci na kewaye ta. An rataya furanni ruwan ɗorawa a ƙofar kowane kanti, daga baya na ji wai ranar bikinsu ce. Direban ma da alama sauri yake ya je nasa bikin, don yana kai ni gaban wani gini da ya fi duk unguwarmu girma, ya rako ni har cikin ƙofa, ya nuna mini wata kanta, ya haɗa tafukan hannunsa ya juya.

Ƙofar gilashi ce, ita ke buɗe kanta ta rufe kanta. Ciki sanyi kamar randa. A bayan kantar akwai wata yarinya mai jan ɗigo a goshi, ta yi mini murmushi ta yi magana. Na ce, "Ina kwana." Ta sake magana. Na miƙa mata fasfo, ta danna kwamfuta, ta girgiza kai. Na ba ta takardar filin jirgi, ta duba ta dawo mini da ita. Na ciro 'yar wayata in kira Zakiyya, babu sabis ko ɗigo. Na nufi wurin da na ga mutane na shiga wani ɗan ɗaki yana hawa sama da su, wani mai gadi da gashin baki kamar tsintsiya ya tare ni da hannu, ya nuna katin da ke rataye a wuyan kowa. Ni wuyana carbi ne kawai.

Na koma na zauna a kujerar ƙarfe na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau ni Maijidda na ga ta kaina."

"Salamu alaikum. Baiwar Allah, Hausa nake ji?"

Wani dattijo ne a kujerar baya, da farar hula, an manne masa ido ɗaya da auduga. Wallahi da ba namiji ba ne da na rungume shi. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen gida, na tambayi jiki. Ya ce sunansa Alhaji Mu'az, daga Kumasi ta ƙasar Gana, aikin ido ya kawo shi. Hausarsa wata iri, tana ɗan karkacewa, amma a ranar ta fi mini ta gidan rediyo daɗi. Na zayyana masa komai, har da jakar. Ya dube ni da idonsa ɗaya.

"Hajiya, takardun kika sa a ƙarƙashin daddawa?"

"Alhaji, ban je Makka ba tukuna. Kuma faɗan Shitu na jirana a gida, kar ka riga shi."

Ya yi dariya, ya tashi muka je kantar. Suka yi Turanci da yarinyar. Ya juyo ya ce ofishin da ke kula da baƙi na ƙasashen waje a rufe yake yau saboda biki, amma ba komai, abu ne mai sauƙi.

"Sunan majinyacin kawai take so."

Na gyara mayafi. "Ɗana ne."

"Na ji. Sunansa?"

"Na fari ne, Alhaji."

"Au!" Ya dafa kanta. "Har yanzu kuna yi a can? Mu a zango sai kakanninmu. To ya za a yi ke nan?"

Wannan ai ba sabon abu ba ne a wurina. Masu ƙidaya sun zo Rogo Ruma sun tafi, masu rigakafi sun zo, ban taɓa rasa hanya ba. Na ce, "Sunan sahabin nan ne da suka shiga kogo tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi."

"Abubakar," in ji shi. "Sunan mahaifi fa?"

Mai gidana ya rasu shekara tara, Allah ya jiƙansa, amma mutuwa ba ta sa a kama sunan miji. Na buɗe fasfo na ɗora yatsa inda Shitu ya nuna mini. "Na biyun."

"Barau. Abubakar Barau."

Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na zo har Indiya na fitar da suna biyu ban buɗe baki ba. Yarinyar ta danna, ta jira, ta sake dannawa. Ta girgiza kai.

"Ta ce babu mai wannan sunan a asibitin nan."

"Ta sake dubawa. Yana nan sati uku."

Ta sake. Alhaji ya ce ko da sunan wanda ya riƙe shi aka sa shi a makaranta? Aka gwada Abubakar Halliru, babu. Abubakar Karaye, babu. Abubakar Rogo, babu. Ya roƙe ta ta karanto mana sunayen duk 'yan Najeriya masu ciwon ƙoda, ta ce doka ta hana, majinyata sun fi dubu, kuma ita ba ta da ikon buɗe wannan shafin. Amma in akwai ranar haihuwa, za ta iya nema da ita.

"Ranar Alhamis da hantsi," na ce. "Ƙarshen damina, ana cirar gyaɗa. Shekarar da tsutsa ta cinye gero."

"Hajiya, kwamfuta ba ta san shekarar tsutsa ba. Lambar wayarsa ta gida fa? Wataƙila da ita ya yi rajista."

"Ƙanwarsa yake kira, ita ke gaya mini."

"Hotonsa?"

"In ajiye hotonsa in ce na wane ne?"

"Wane aiki yake yi? Wace ma'aikata ta turo shi?"

"Na gwamnati ne. A Kano."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Na ji kunya, amma ba irin wadda na saba taƙama da ita ba. Ga ni na ƙetare teku zan ba mutum ƙodata, an yi mini tambaya biyar a kansa na faɗi duka. Kuma ba don ban san shi ba. Na san yana da tawadar Allah a bayan kunnen hagu. Na san takunsa tun daga zaure. Na san ba ya son man shanu a miya, shi ya sa duk ranar da aka ce zai zo nake hana Zakiyya zubawa, in ce ni ce ba na so. Shekarar da ya yi ƙyanda a Karaye, sau uku ina ƙirƙiro unguwa in bi ta ƙofar gidan Malam Halliru, in tsaya shan ruwa, in kasa kunne ko zan ji tarinsa. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da yarinyar nan za ta iya dannawa.

Ana haka wata nas ta zo da keken marasa lafiya ta kira Alhaji. Lokacin aikinsa ya yi. Ya yi wa yarinyar magana mai tsawo, sannan ya nuna mini babban agogon da ke bango.

"Kin ga gajeren hannun? In ya sauka kan wancan baƙin, huɗu ta yi. Na roƙe ta kar ta manta da ke. Allah ya haɗa ku, Hajiya."

"Allah ya ba da sa'a, Alhaji. Allah ya buɗe ido."

Aka tura shi, ɗan ɗakin ya rufe da shi, Hausa ta ƙare a Indiya.

Na zauna. Na tashi. Na fita ta ƙofar gilashin, zafi da hayaƙi da ƙarar hon suka mare ni, masu keke uku suka yo kaina suna magana lokaci ɗaya. In ce su kai ni ina? Na koma ciki. Na sake gwada mai gashin baki, na nuna masa cikina, na nuna sama, na ɗaga yatsa ɗaya. Ya haɗa hannu yana ba ni haƙuri, amma bai matsa ba. Na zagaya ta bayan wata bishiyar roba ko akwai matakala, na tarar da ƙofa a kulle. Azahar ta yi, ban ji kiran salla ba, ban san gabas ba. Na yi alwala a wani famfo da ke zubo ruwa da kansa ya ɗauke da kansa kafin ka wanke hannu ɗaya, na shimfiɗa mayafi a lungu na fuskanci inda zuciyata ta ba ni. Wata tsohuwa mai farin gashi ta miƙo mini ayaba biyu, na karɓa na riƙe, na kasa ci.

Yana cikin ginin nan. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Yana saman kaina, ko hawa na uku ko na bakwai, kwance, ni kuma ina ƙasa da ƙodarsa a jikina, siminti ne kawai tsakaninmu. Duk sanda ɗan ɗakin ya buɗe sai in miƙe, in ga ba Bahijja ba ce, in zauna.

Gajeren hannun ya wuce uku. Yarinyar ta dube ni, ta dubi agogo. Ta jawo wani abin magana mai dogon wuya irin na liman, ta danna, muryarta ta fito ta ko'ina a rufin ginin. Na ji sunayen nan biyu a cikin maganarta, a bakinsu na Indiyawa, da ƙyar ni ma na gane su. Tun safe ake irin wannan shela, babu mai ɗaga kai. Muka jira. Babu wanda ya zo.

Sai ta yafito ni. Ta juyo da wuyan abin ya fuskance ni, ta nuna bakina, ta nuna sama, ta danna ta riƙe.

Na dubi falon. Mutane sun fi ɗari, babu wanda ya san ni, babu wanda ya san Rogo Ruma, babu wanda zai kai labari. Amma ba don mutane nake yi ba dama. Na matsa na ce, "Salamu alaikum." Muryata ta dawo mini daga sama, na tsorata. Na ce, "Bahijja, ni ce." Na ce, "Yayan su Zakiyya." Na ce, "Na Karaye." Yarinyar ta saki abin, muka zuba wa ɗan ɗakin ido. Ya buɗe, wasu Larabawa suka fito. Ya rufe.

Saura kaɗan dogon hannun ya kai ƙasa, uku da rabi. Na kama hannun yarinyar da kaina na mayar da yatsanta kan abin dannawar. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa. Na rufe ido. Sai na ga ranar suna, ina ɗaki a bayan labule, liman ya raɗa, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗa wa duniya, ni kuma na cusa fuskata a filo don kar a ga na ji.

Na faɗa. A hankali ya fito, kamar tari. Na sake faɗa da ƙarfi, irin kiran da ake wa yaro in ya yi nisa a gona, na ja ƙarshensa. Na ce, "Ni ce. Ina ƙasa. Sun hana ni hawowa." Na sake kira na uku, sannan na ga duk falon ya yi tsit ana kallona, mai gashin baki ma ya cire hularsa ya riƙe.

Ba ta ɗan ɗakin nan Bahijja ta zo ba. Wata ƙofa ta gefe ta banko, ba takalmi, mayafi a hannu. Ta durƙusa za ta gaishe ni, ta fasa, ta kama hannuna muka yi ta gudu a wani dogon lungu. A hanya take gaya mini tun safe tana ƙofar baya, ta baƙi, inda aka ce direba zai kawo ni, sai da aka ɗora shi a injin wankin ƙoda ta koma wurinsa.

"Sun ce babu shi a kwamfuta," na ce ina haki.

"Inna, ai Sadik Yola ne a takardunsa. Tun firamare haka aka rubuta masa, da sunan unguwarsu Baffa Halliru."

Yola ta Karaye, inda na sha tsayawa shan ruwa. Ban taɓa ji ba. Wa zai gaya mini, tunda duk aka ɗauko zancensa tashi nake in ba da wuri?

Saura minti goma aka soka mini allura. Kwalba biyar suka cika. Ina danne da auduga a hannu Bahijja ta tsuguna a gabana, sai a lokacin ta gaishe ni yadda ya kamata, ta tambayi hanya, ta tambayi su Zakiyya. Sannan ta shiga murza bakin mayafinta.

"Faɗi," na ce.

"Lasifikar tana daidai saman gadonsa. Ni barci ya ɗan ɗauke ni, kiran farko ne ya tashe ni. Na ce masa, wallahi muryar Inna ce. Ya ce, 'Zauna, Bahijja, ba ita ba ce. Inna ba ta kirana.'" Ta share ido. "Da kika sake, sai ya fara cire robobin hannunsa zai sauko. Mutum biyu suka danne shi."

Aka rataya mini kati a wuya. Mai gashin baki ya danna mana ɗan ɗakin da kansa. Hawa na shida ne.

Ya rame har na ga ƙasusuwan wuyansa, ya yi baƙi, robobi biyu sun fita daga hannunsa zuwa wani inji da ke juya jininsa. Ina shiga ƙafafuna suka kai ni inda suka saba, can gefe, na sami bango na kafa masa ido. Ya ce, "Inna, sannu da hanya." Na ce, "Yauwa." Ya ce, "An sha wahala." Na ce, "Babu komai." Na buɗe baki zan ce wa Bahijja ta tambaye shi ya jiki, sai na ga ta fice ta ja ƙofa.

Injin na ta ƙara. Na ji yana numfashi.

"Inna," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ban ji sosai ba ɗazu. Abin yana shaƙewa."

Ƙarya yake, duk Indiya ta ji. Na juyo daga bangon, na jawo kujera har jikin gadon na zauna. Ban taɓa ganin idonsa kusa haka ba tun yana shan nono.

"Abubakar," na ce. "Miƙo hannun in ga abin da suka yi maka."